Yadda Ake Mayar da Maƙwabciya Mayya a Sikotlan, 1563 zuwa 1736

A littafin kuɗi na birnin Aberdeen da ke ƙasar Sikotlan na shekarar 1597 akwai lissafin abin da aka kashe wajen ƙona mata 2 da aka zarga da maita, Janet Wishart da Isobel Cockie. Ma'aji bai bar komai ba. Kaya 20 na busasshen taɓon fadama, wanda mutanen can ke hura wuta da shi, sule 40. Awo guda na kwal, sule 24. Gangar kwalta 4. Turken da za a ɗaure su da ladan sassaƙa shi, sule 16. Igiya gaba 4, sule 4. Sai ladan 'yan dakon da suka hau da kayan kan tudu, sai kuma hauni, wanda aka biya sule 13 da kwabo 4. Taɓon kaɗai ya ninka ladan haunin sau 3.

Ina fara da wannan lissafi ne saboda yawancin mutane in suka ji labarin farautar mayu a Turai, abin da suke hangowa gungun jahilai ne riƙe da sanduna. Takardun Sikotlan suna nuna abin da ya fi wannan tayar da hankali. Waɗanda suka yi aikin limaman coci ne, da dattawan gari, da masu manyan gonaki, da alƙalai, mutanen da ake gaisarwa da girmamawa a kasuwa. Akwai doka, akwai takardar izini, akwai rasit. Kowane mataki yana da mai yinsa, kuma kowa a cikinsu yana ganin aikin Allah yake yi.

Dokar dai majalisar ƙasar ce ta kafa ta a 1563, zamanin Sarauniya Mary, shekara 3 bayan Sikotlan ta bar ɗariƙar Katolika ta koma Furotesta. Ta ce duk wanda ya yi maita ko sihiri hukuncinsa kisa ne, haka ma wanda ya je neman taimako wurinsa. Babban gibin da ke cikinta shi ne ba ta fayyace mene ne maitar ba, sai aka bar wa limamai da alƙalai su cike gurbin da abin da suka karanta. Masu bincike na Jami'ar Edinbura sun tattara duk takardun da suka rage, suka fitar da sakamako a 2003: mutum 3,837 aka tuhuma, kashi 84 cikin 100 mata ne, kuma ƙiyasinsu shi ne an kashe kusan 2,500. Mutanen ƙasar gaba ɗaya a lokacin ba su wuce miliyan 1 ba. Ingila, da ta ninka su yawan jama'a kusan sau 5, ta kashe kimanin 500.

Kafin a je ko'ina, sai an san cewa iri biyu na maita ne suka haɗu a cikin kowace shari'a. Akwai ta talakawa, wadda ba ta yi nisa da abin da Bahaushe ya sani ba: an yi faɗa, an yi baki, sai wani abu ya lalace. Akwai kuma ta masu ilimi, wadda ta fito daga littattafan Turai, inda mayya ita ce wadda ta ƙulla alkawari da Shaiɗan ta yar da addininta. Manomi bai damu da Shaiɗan ba, saniyarsa ce ta daina ba da nono. Limami kuwa bai damu da saniya ba, alkawarin yake nema. Aikin bincike duka shi ne a ɗauki ƙorafin manomi a murɗa shi har ya zama amsar da limami ke so.

Matakin farko yana cin shekaru. Mace ce, galibi ta haura 40, mai kaifin harshe, wani lokacin mijinta ya rasu, wani lokacin yana nan. Ta yi rigima da maƙwabci a kan iyakar gona, ko bashi, ko tunkiya da ta shiga shuka. Cikin fushi ta ce masa zai gani. Bayan kwana biyu madara ta ƙi fitar da mai komai kaɗawa, ko giyar da aka dafa ta lalace, ko yaro ya kwanta da zazzaɓi. Ba wanda zai kai ƙara a ranar. Za a ajiye abin a zuci, a riƙa faɗa a bakin rijiya da gindin murhu. Shekara ta zagayo wani ya samu nasa labarin. Cikin tuhumar da aka karanta wa Janet Wishart akwai abubuwan da suka faru fiye da shekara 20 kafin a kama ta, har da masu cewa ta jefe su da ciwon da rabin yini jiki zafi kamar wuta, rabin yini sanyi kamar ƙanƙara. Duk wanda ya san zazzaɓi ya san wannan siffar.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a lura da shi. Mu a ƙasar Hausa, in mara lafiya ya kama sunan wani, akan matsa wa wanda aka ambata ya zo ya tsallaka shi. Mutanen Sikotlan ma suna da makamancin haka: a kira wadda ake zargi ta zo ta duba mara lafiya, ta yi masa addu'a ko ta ba shi abin sha, don ta kwance abin da ta ɗaura. In ta ƙi zuwa, an ce mugunta ce ta hana ta. In ta zo mutumin ya warke, an samu hujja, domin wanda ya iya kwancewa shi ya ɗaura. Yawancin cututtuka kuwa da kansu suke wucewa, don haka zuwan da ta yi don neman zaman lafiya shi ne za a karanta mata a kotu bayan shekara 10.

Masu magani ma sun shiga hannu, ko da yake ba su ne mafi yawa ba. Bessie Dunlop ta yankin Ayrshire, wadda aka yanke wa hukunci a 1576, tana ba da maganin mutane da dabbobi, tana faɗa wa mutane inda kayansu da aka sace suke. Da aka tambaye ta wa ya koya mata, ta ce wani dattijo ne mai suna Thom Reid, wanda ya mutu a yaƙin Pinkie a 1547, yake zuwar mata daga ƙasar aljanu. A wurinta wannan bayani ne na inda baiwarta ta fito. A kunnen alƙalai kuwa, duk wani ruhu da ba mala'ika ba Shaiɗan ne.

Mataki na biyu shi ne majalisar dattawan coci. Kowace Ikklesiya tana da ita: limami da wasu zaɓaɓɓun magidanta, suna zama kusan kowane mako a kan zina, maye, zage-zage, da aiki ranar Lahadi. Ba su da ikon yanke hukuncin kisa, amma su ne ke kiran shaidu, su rubuta abin da kowa ya ce. Sau da yawa matar ce da kanta ke buɗe ƙofar, ta kai ƙarar wanda ya kira ta mayya don a wanke sunanta. Sai dattawa su ce wa wanda aka kai ƙara ya kawo hujja, shi kuma ya tattaro duk masu tsohon ƙulli. Ƙarar ɓata suna ta juye ta zama binciken maita.

Daga nan sai tsarewa, kuma a nan ne komai ke lalacewa. Ana kulle ta a kurkukun gari ko a hasumiyar coci. A bisa doka, azabtar da wanda ake tuhuma sai da izinin majalisar sarki da ke Edinbura, babban birnin ƙasar, kuma ba kasafai take bayarwa ba. To amma hana barci ba a lissafa shi cikin azaba ba. Sai a jera maƙwabta su riƙa karɓa-karɓa, mutum 2 ko fiye a kowane zama, dare da rana. Da ta fara gyangyaɗi a girgiza ta, a tsayar da ita, a zagaya da ita ɗaki. Hujjarsu wai kada Shaiɗan ya zo mata cikin barci, ko kada ta kashe kanta. Wanda ya yi kwana 3 ba barci yakan fara ganin abin da babu, ya kasa raba abin da ya tuna da abin da aka faɗa masa ɗazu. A wannan hali limami ke zuwa da tambayoyinsa, tambayoyin da amsarsu ke cikinsu. Hanyar ba ta barin tabo ko ɗaya a jiki, shi ya sa magatakarda zai rubuta da zuciya ɗaya cewa ta amsa laifinta ba tare da tilas ba. Lissafin shari'ar wata Margaret Dunham a 1649 ya nuna nauyin wannan mataki: cikin fam 92 na kuɗin Sikotlan da aka kashe, fam 45 ladan masu gadinta ne na kwana 30. Fam 27 daga cikin kuɗin kuma daga dukiyarta aka cire.

A lissafin nan akwai fam 6 da aka biya John Kincaid, mutumin Tranent, shahararren mai cakin allura. An yi imani cewa ranar alkawari Shaiɗan yana sa wa mayya tambari a jiki, wurin da ba ya jin zafi kuma ba ya jini. Sai a tuɓe matar a gaban maza, sau da yawa a aske duk gashin jikinta, mai caki ya bi ta da doguwar allura yana neman tawadar Allah, tsohon tabo, ko wani ƙari. Abin da ke sa a samu wurin a bayyane yake. Tsohon tabo dama ba ya jin zafi sosai. Macen da ta kwana uku a tsaye, ga sanyi, ga kunya, ga tsoro, jikinta yakan mutu har ba ta san inda allurar take ba. Ga shi kuma mai cakin ba shi da wata riba in ya ce bai ga komai ba. Sana'ar ta yi kasuwa har wata mace, Christian Caddell, ta sa kayan maza ta kira kanta John Dickson ta shiga yi a arewacin ƙasar, kafin asirinta ya tonu a 1662.

Inda manyan mutane ke da hannu, azaba ta fili ake yi. A tsibiran Orkney a 1594 an tuhumi Alison Balfour da hannu a shirin kashe mai mulkin yankin, Patrick Stewart. An sa ƙafafunta cikin wani ƙarfe ana gasa shi har awa 48. Da ta ƙi magana, aka kawo mijinta tsoho aka danne shi da ƙarafa masu nauyi, aka sa ƙafafun ɗanta cikin matsi ana buga katako da guduma har sau 57, aka matse yatsun 'yarta mai shekara 7, duk a gaban idonta. Ta amsa. A wurin kisa ta janye maganar a gaban jama'a, ta ce don ta ceci iyalinta ta faɗa. Hakan bai hana a kashe ta ba.

In ka karanta takardun amsa laifi da yawa, za ka ga kamar baki ɗaya ne ya faɗe su. Ta haɗu da wani mutum sanye da baƙaƙen kaya a hanya lokacin da take cikin ƙunci. Ya yi mata alkawarin ba za ta ƙara rasa komai ba. Ta ɗora hannu ɗaya a tsakar kanta, ɗaya a tafin ƙafarta, ta ba shi duk abin da ke tsakani. Ta yar da baftismarta, ya raɗa mata sabon suna, ya sa mata tambari, ya kwana da ita. Wannan kamanceceniya a lokacin ita ce hujjar cewa abin gaskiya ne. A ganina hujja ce cewa masu tambayar littafi ɗaya suka karanta. Abin da ke taɓa zuciya a ciki shi ne ƙanƙantar alkawarin: abinci, 'yan kwabbai, sutura. Matan nan abin da suka rasa a rayuwa shi suka sa a bakin Shaiɗan. Akwai 'yan kaɗan da suka fita daban, irin Isobel Gowdie ta Auldearn, wadda a 1662 ta ba da labari har sau 4 a kan rikiɗa zomo, cin abinci wurin sarauniyar aljanu, da ƙungiyoyin mayu na mutum 13, amma irinta ba su da yawa.

Da an samu amsa a rubuce, sai a tura mutum a kan doki zuwa Edinbura ya nemo takardar izinin shari'a daga majalisar sarki. 'Yan majalisar ba su ga matar ba. Ba su ga idanunta da suka kumbura ba. Takarda suka gani mai tsabta, da sa hannun limami da dattawa. Sai su rubuta sunayen wasu masu gonaki da manyan garin su ba su ikon zama alƙalai, kuma sau da yawa waɗannan su ne mutanen da suka kama ta tun farko. Masu yanke ko akwai laifi, galibi mutum 15, daga yankin ake ɗebo su, cikin waɗanda suka girma suna jin ana ce mata mayya. Alƙaluma sun nuna sakamakon: a irin wannan kotun gida kusan 9 cikin 10 kisa ake yanke musu, a babbar kotun Edinbura kuwa, inda ƙwararrun alƙalai ke zama kuma akan samu lauya, kaɗan ne suka haura rabi. Rayuwar mace takan rataya a kan inda aka yi zaman.

Kisan kansa shaƙewa ne da igiya a jikin turke, sannan a ƙona gawar har ta zama toka. Ƙonawa da rai ba ta da yawa, amma an yi, kamar yadda aka yi wa Euphame MacCalzean, 'yar wani babban alƙali, a Edinbura a watan Yuni 1591.

Abin da ke mayar da shari'a ɗaya ta zama annoba shi ne tambayar ƙarshe: su wa kika gani a taron? Wadda ba ta yi barci ba za ta ambaci duk sunan da ya zo bakinta, su ma a kamo su a yi musu yadda aka yi mata. Shi ya sa kisan bai bazu daidai cikin shekaru ba, ya taru ne a guguwa 5: 1590 zuwa 1591, 1597, 1628 zuwa 1630, 1649 zuwa 1650, da 1661 zuwa 1662. Ya fi yawa a kudu, wajen Lothian da Fife, inda coci ke da ƙarfi kuma Edinbura ke kusa. Tsaunukan arewa masu yaren Gelik ba su ga da yawa ba.

Guguwar farko ta taso ne daga auren sarki. A 1589 iska ta hana jirgin amaryar Sarki James na 6, Anne ta Denmak, isowa, ta kora shi Norwe. Sarki ya bi ta can, suka dawo a watan Mayu 1590 cikin wata iskar. A ƙarshen shekarar wani babban mutum a Tranent, David Seton, ya zargi 'yar aikinsa Geillis Duncan saboda tana fita da dare tana jinyar marasa lafiya. Ya matse mata yatsu, ya ɗaure kanta da igiya yana murɗawa, ta fara ambaton sunaye. Cikinsu akwai Agnes Sampson, ungozoma mai magani, da John Fian, malamin makaranta. Aka ce sun taru a cocin North Berwick, sun jefa kyanwa a teku don tayar da iskar da za ta nutsar da sarki. James da kansa ya zauna yi wa Agnes tambayoyi a fadar Holyrood, aka kashe ta a Janairu 1591. Da masu yanke hukunci suka wanke Barbara Napier daga babbar tuhumar, sarki ya fusata ya sa aka gurfanar da su a kan sun yi kuskure da gangan. A 1597 ya wallafa littafinsa a kan mayu, Daemonologie.

A shekarar ce kuma aka ga yadda abin ke karyewa. Wata Margaret Aitken daga Fife, don ta tsira da ranta, ta ce tana gane mayya da kallon ido. Aka riƙa yawo da ita gari-gari, duk wadda ta nuna ta shiga uku, musamman a Glasgow. Sai wani ya yi dabara: aka kawo mata waɗanda ta nuna jiya cikin wasu tufafin, ta ce ba su da laifi. A watan Agusta 1597 majalisar sarki ta janye takardun izinin da ta bayar, guguwar ta kwanta. Haka aka sake yi a 1662, bayan an tuhumi fiye da mutum 600 cikin ƙasa da shekara 2: majalisar ta hana kamu, azaba da cakin allura ba da izininta ba, aka kulle John Kincaid. Duk lokacin da Edinbura ta ce sai ta duba yadda aka samo amsar, shari'o'in sukan ragu nan take.

Lauya George Mackenzie, wanda ya zauna a shari'o'in 1661 kuma daga baya ya zama babban lauyan sarki, bai musanta cewa akwai mayu ba. Abin da ya ƙi shi ne hujjojin. A littafinsa na dokokin laifi na 1678 ya kira cakin allura mummunar damfara, ya kuma ba da labarin wata mata da ta gaya masa a asirce cewa ba ta yi komai ba. Ta amsa ne don ta san tunda an riga an kira ta mayya ba mai ƙara ba ta abinci ko wurin kwana, za a riƙa dukanta ana cuna mata karnuka, gara ta mutu.

Bayan 1662 abin ya yi ta ja da baya, amma bai mutu lokaci guda ba. A Paisley a 1697 an yanke wa mutum 7 hukuncin kisa a kan maganar yarinya 'yar shekara 11, Christian Shaw, wadda ke faɗuwa tana kama sunaye. A Pittenweem a 1705, da Edinbura ta ƙi ba da hukuncin da gari ke so, jama'a suka ja Janet Cornfoot zuwa bakin teku, suka ɗora mata ƙofa suka jibga duwatsu har ta mutu, kuma ba wanda aka hukunta. Wadda ake ɗauka ita ce ta ƙarshe, Janet Horne, an ƙona ta a Dornoch a 1727, tsohuwa da hankalinta ya fara gushewa, ana cewa ta mayar da 'yarta doki ta hau, saboda 'yar tana da nakasa a hannu da ƙafa. Majalisar Birtaniya ta soke dokar a 1736. A ranar 8 ga Maris 2022 shugabar gwamnatin Sikotlan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta nemi gafara a hukumance, Cocin Sikotlan ma ta bi baya a shekarar.

Tunda ƙonawa ake yi, kusan duk waɗannan mutane ba su da kabari. Wanda aka sani shi ne na Lilias Adie ta Torryburn a Fife, wadda ta mutu a tsare a 1704 kafin a kai ga shari'a. An yi ta matsa mata ta ba da sunaye, amma waɗanda ta ambata waɗanda aka riga aka zarga ne, sauran kuwa ta yi ta kawo dalilan da suka hana ta gane fuskokinsu. Da ta mutu, aka binne ta cikin taɓon bakin teku, inda ruwa ke rufewa in ya cika ya buɗe in ya janye, aka danne da ƙaton dutse don kada Shaiɗan ya tashe ta. A 1852 masu tara kayan tarihi suka tone kabarin, ƙoƙon kanta ya kai ga gidan tarihi na Jami'ar St Andrews, aka ɗauki hotonsa a 1904, daga baya ya ɓace. An sake gano dutsen a 2014, kuma daga waɗancan hotunan masana a Jami'ar Dundee suka sake zana fuskarta a 2017. A 2019 hukumar Fife ta yi shela tana roƙon duk wanda ƙasusuwanta ke hannunsa ya dawo da su a yi mata jana'iza.